Shekara ɗaya ina koyar da 'yan nasare a Gambiya

1/ Masu tambayata yadda ake zuwa aikin sa kai a ƙasar waje, ga zare. Na yi shekara ɗaya a Brikama, ƙasar Gambiya, ina koyar da 'yan shekara 4 zuwa 5. Ku karanta kafin ku biya kuɗin jirgi.

2/ Turanci ne harshen makaranta a can, amma yawancin yaran ajinmu Mandinka suke yi a gida, wasu Wolof ko Fulatanci. Yaron da fitsari ya matse ba zai faɗa maka da Turanci ba. Sai da na iya kalmomin "zo", "zauna", "ruwa" da "abaraka" (na gode) sannan suka sake da ni.

3/ Malamar da na tarar a ajin ta fi ni sanin aikin nesa ba kusa ba. Ta san wanda ya zo bai karya ba, ta san wadda kaka ke riƙo. Albashinta kuwa, wallahi bai kai kuɗin da wasu baƙi ke kashewa a otal cikin kwana biyu ba.

4/ Daga Nuwamba, lokacin 'yan yawon buɗe ido, sai masu sa kai na sati biyu su fara zuwa. Kowa ya zo sai ya faro daga A, B, C da launuka. Sau huɗu aka koya wa yaran nan "ja" da "kore", alhali haɗa haruffa suka kai.

5/ Sannan rabuwa. Akwai yaron da ya manne wa wata baƙuwa, kullum yana riƙe da hannunta. Da ta tafi, ya yi kwanaki ba ya magana a aji. Ita ta samu hotuna, malamarsa aka bari da lallashi.

6/ Ƙaramin yaro yana koyo ne a hannun fuskar da ya saba da ita. In ba za ka iya zangon karatu ɗaya cikakke ba, gara ka tura kuɗin a sayi alli da littattafai.

7/ In za ka je, ka tambaya: wa zan taimaka wa a ajin? Ina kuɗina zai shiga? Ana bincikar tarihin masu zuwa kafin a ba su yara? In ba sa yi, ka gudu.

8/ 'Yan Najeriya masu takardar ƙwarewa, ku duba shirin TAC na gwamnatin tarayya. Tun 1987 yake tura ma'aikata ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik, aikin shekara biyu. Allah Ya sa a dace.