Sarkin Yawa da Sarkin Ƙarfi a Cikin Kwamfuta

Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ba su faɗi ranar da zai fi shi ba. A kan wannan rana ce masu wasan kwamfuta na duniya suka yi ta gardama daga 2007 zuwa 2009, kuma ƙurar gardamar ta iso har gidajen da ba a sayen irin wannan na'ura sai an yi adashe.

Tushen maganar yana cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan falle da bai kai tafin hannun yaro ba. Shekara da shekaru masu ƙera ta hanya guda suka sani ta inganta ta: a ƙara mata sauri. Amma sauri da zafi tare suke tafiya. A 2004 kamfanin Intel na Amurka ya kai Pentium 4 ga gigahaz 3,8, sannan ya fasa fitar da mai gigahaz 4. Da hanyar sauri ta toshe sai aka koma ta yawa: a 2005 Intel da abokin hamayyarsa AMD suka fara sa ma'aikata biyu a cikin ƙwaƙwalwa ɗaya. Kowane ma'aikaci Faransawa na ce masa zuciya. Ga Bahaushe dai mai zuciya biyu ba abin yabo ba ne, amma a kasuwar kwamfuta da shi aka yi ta taƙama.

Ƙwaƙwalwa biyu ce ta raba kan jama'a, duka na Intel, kuma a gurbi iri ɗaya ake kafa su. Ta farko Core 2 Quad Q6600, mai zuciya huɗu, kowace na gudu da gigahaz 2,4. Ta fito a Janairun 2007 a kan dalar Amurka 851, kafin Yulin shekarar ya ƙare ta faɗo 266. Ta biyu Core 2 Duo E8400, mai zuciya biyu, kowace da gigahaz 3. Ta fito a Janairun 2008 a kan dalar Amurka 183. Cikin 2008 farashin mai huɗun ya yi ta sauka har ya kusa taɓa na mai biyun, saboda haka aljihu ya daina yanke wa mutane hukunci, ya bar su da tunaninsu.

A wannan shekara ce wani ma'aikacin gwamnati a Damagaram ya shiga cikin lamarin ba da niyyarsa ba. Ɗansa ya ci jarrabawar gama kwaleji, shi kuwa ya riga ya yi masa alkawarin kwamfuta. Yaron bai ɓoye ba cewa wasa ne a ransa. Uban ya san haka, ya dai yi fatan karatu zai raɓu da wasan. Kuɗin da ya ware kwasar adashensa ce ta biro, ba kuma zai ƙara ganin irinta nan kusa ba. Sai ya kai maganar ga wansa, ɗan kasuwa mai zuwa Dubai sarin kaya, wanda shi ne zai taho da na'urar.

Wan bai yi lakol mai zurfi ba, amma ya tambayi masu shaguna a can, ya kuma juya abin da suka gaya masa zuwa harshen da ya sani. Ya ce: «Ƙanena, ɗauka mota ce ta iso da buhunan wake, za a shigar mangaza. Ga ƴan dako biyu majiya ƙarfi, ga kuma huɗu da ba su kai su ba. In ƙofar mangazar mai faɗi ce, huɗun za su riga gamawa. In kuwa mutum ɗaya ko biyu take ci, sauran tsayuwa za su yi suna kallo, kai kuma ka biya su.»

Da wuya a samu bayanin da ya fi wannan. Wani injiniyan Amurka, Gene Amdahl, ya faɗi kusan haka tun 1967: duk aikin da ke da ɓangaren da ba ya rabuwa, wannan ɓangaren ne ke yanke iyakar amfanin ƙarin ma'aikata. In rabin aiki dole mutum ɗaya ya yi shi, ko dubu aka kawo ba za a wuce ninka sauri sau biyu ba. Wasannin wancan zamani kuwa ƙofarsu ƙarama ce. Yawancinsu an rubuta su ne a kan zuciya ɗaya ko biyu, domin a wasa abu kan jira abu: sai an san inda ɗan wasa ya taka kafin a san inda ƙwallo za ta faɗa, sai an san haka kafin a zana hoton. Shi ya sa a gwaje-gwajen 2008 mai zuciya biyu ta riƙa tsere wa mai huɗu a wasanni da yawa. Mai huɗun ba ta nuna kanta sai wajen haɗa bidiyo da makamantansa, inda aiki ke yankuwa gunduwa-gunduwa.

Akwai kuma abin da masu gardama a Turai ba su cika sa wa lissafi ba. An ƙayyade zafin E8400 a kan wat 65, na Q6600 kuwa 95 zuwa 105, gwargwadon samfurin. A can masu mai huɗu kan tura ta daga gigahaz 2,4 zuwa 3, su haɗa yawa da ƙarfi a kuɗi ɗaya, kuma dabarar na ci. Amma ɗakin da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, da ƙurar hunturu mai toshe fanka, ba wurin wannan dabara ba ne. A kan haka wan ya tsaya: a sayi mai biyu, rarar kuɗin a ƙara a katin hoto, tunda shi ne ke ɗaukar mafi nauyin wasa.

Ƙanen ya yi shiru, sannan ya ce: «Yaya, kai in kaya ya shekara biyu a hannunka sai ka sayar ka sake. Ni abin da na saya, da shi za a tsufa. Babur ɗina shekararsa nawa?»

Nan ne ainihin saɓaninsu, kuma ba na ilimin na'ura ba ne. Ɗan kasuwa yana sayen abin da ya fi amfani yau, domin ya san hanyar fita daga gare shi gobe. Mai albashi ba shi da wannan hanya. Sayensa caca ce a kan shekarun da bai gani ba. Abin da ya kamata ya tambaya shi ne ko ƙofar mangazar za ta faɗaɗa kafin na'urar ta mutu. Alamun hakan kuwa suna nan ga mai lura: akwatin wasa Xbox 360, da ya fito tun 2005, zuciya uku gare shi, kuma masu rubuta wasanni sun fara koyon raba aiki saboda shi.

Girman wa ya rinjaya, aka sayo mai zuciya biyu. Yaron ya yi wasansa na ƙwallo lafiya, na'urar ta ratsa bazara bayan bazara ba ta ƙone ba, kuma ba wanda zai ce wan ya yi kuskure a shekarun farko. Sai dai ƙofar ta faɗaɗa da wuri fiye da zatonsa. A Disamban 2008 wasan Grand Theft Auto IV ya fito a kwamfuta, masu shi suka ba da shawarar Core 2 Quad mai gigahaz 2,4. A 2013 PlayStation 4 da Xbox One suka zo da zuciya takwas-takwas, marasa sauri sosai, abin da ya tilasta wa masu wasanni raba aiki ko suna so ko ba sa so. A 2014 Far Cry 4 ya ƙi ma tashi a kan ƙwaƙwalwa mai zuciya biyu zalla. Masu Q6600 sun ja zarensu ya fi tsawo. Ranar sarkin yawa ta zo, amma ta tarar da shi ma ya fara furfura, domin daga baya wasanni suka nemi wasu umarnai da babu su a cikin ko ɗaya daga biyun.

Tun 2017, da AMD ya fitar da Ryzen, Intel kuma ya mai da Core i3 na tebur mai zuciya huɗu, sabuwar kwamfutar wasa ba ta da wannan tambaya. Huɗu ne ƙasa, shida ne tsaka-tsaki. Inda tambayar ke da sauran rai shi ne kasuwar na'urorin hannu, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su. A nan suna na yaudara. Kwamfutar cinya mai ɗauke da tambarin i5, ko ma i7, in lambarta ta ƙare da harafin U kuma ba ta kai zubi na 8 ba, zuciya biyu ce kawai a cikinta, alhali i5 na tebur na shekarun nan galibi huɗu gare shi. Mai saye yana iya sa a kunna ta a gabansa, a buɗe shafin Windows mai nuna ayyukan da ke gudana, a shiga sashen furosesa: yawan zukatan a rubuce yake a nan da lamba, kafin a shiga ciniki.