MASU BAƘIN MAI A FARCE

Duk wanda ya saba da littattafanmu na Hausa ya san irin samarin da ake ɗora wa labari: ko likita ne da ya dawo daga Ingila, ko ma'aikacin banki, ko ɗan Alhaji mai canza mota kamar riga. Idan ka ga bakanike ya leƙo, to motar jarumin ce ta mutu a hanya, za a ba shi layi biyu ya gyara, ya karɓi kuɗinsa ya ɓace, ko suna ba a sa masa. Ni kuwa kafin in riƙe biro sifana na riƙe, shi ya sa yau nake so mu ɗan ajiye zancen soyayya, in kai ku garejin manyan motoci ku ga mutanen da na tashi a hannunsu.

Da na gama sakandare ba a sami halin wucewa gaba ba, sai mahaifiyata ta damƙa ni a hannun ƙanenta, wanda yake da gareji a bayan gari a nan Kano. Ba ya taɓa ƙananan motoci, aikinsa gingimari da tifa da tirela, sai kuma katafila da gireda idan 'yan kwangila suka aiko. Shekara biyar na yi a wurinsa. Kawu bai yi boko ba, allo kawai ya yi, amma ranar da na fara zuwa ya zaunar da ni a kan wata tsohuwar taya ya yi mini karatun da har yau ban manta ba. Ya ce, "Ɗan nan, injin fetur da ashana ake kunna shi, shi ya sa yake da fulogi. Injin gas kuwa ba ruwansa da ashana, matsi ne yake kunna shi. In ka gane wannan ka gane rabin sana'ar."

Ga abin da yake nufi. Injin gas, wato dizal, iska zalla yake zuƙa. Fistin ya taso ya matse iskar nan sau 16 zuwa 20, ta yi zafin da ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa mai a cikinta kamar hazo, nan take ya kama da kansa. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙirƙiro shi, injinsa ya fara aiki sosai a 1897 a garin Augsburg, a masana'antar da daga baya ta zama kamfanin MAN, wanda kuke ganin sunansa a goshin tireloli. To tun da matsi ne sirrinsa, dole komai nasa ya zama mai kauri da nauyi, kuma wannan nauyin ne ya sa yake daɗewa. Tsohon injin gas abu uku kawai yake nema: iska mai tsabta, mai mai tsabta, da matsi. In ya ƙi tashi, a cikin ukun nan za ka sami ɓarawon.

Motar da na fi sani ita ce Marsandi 911 mai gajeren hanci, wadda aka fara ƙera danginta a Jamus a 1959, daga baya kamfanin ANAMMCO na Inugu ya shiga harhaɗa Marsandi a ƙasar nan daga farkon shekarun 1980. A zamanin nan ne ake harhaɗa Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan. Injin 911, wanda ake kira OM 352, silinda 6 ne, lita 5.7, kuma idan ya tashi ko batir ka cire ba zai mutu ba, domin babu abin da yake nema a wurin lantarki. Irin motar nan ta yi dakon hatsi daga Dawanau, ta kwashi shanu daga Wudil da Maigatari, ta kai tumatir da albasa har Ikko. Da yawansu sun girmi direbobin da suke tuƙa su, kuma ba wani abu ya riƙe su a kan titi ba illa hannun mutane irin Kawu.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, Kawu ba ya saurin ɗaukar sifana. Mota za ta shigo, direba yana ta zuba bayani, shi kuwa sai ya ce a tayar, ya zagaya baya ya tsaya yana kallon salansa. Hayaƙi magana yake yi. In baƙi ne, mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan: ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko nozul ya daina feshi ya koma tsiyaya. In shuɗi-shuɗi ne, inji yana shan baƙin mai, ringi ya cinye ke nan. In fari ne mai yaji a ido, gas ne yake fita bai ƙone ba. In kuwa fari ne kamar tururin tukunya, ga ruwan lagireto yana raguwa, to gasket ya ƙone, ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Daga nan sai ya ɗauki dogon sukuddireba ya dafa bakinsa a jikin inji, ya kara kunnensa a mariƙin, ya lumshe ido kamar mai sauraren sirri. Idan inji yana ɗingishi, sai ya riƙa sassauta notin bututun mai ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sassauta ƙarar inji ta canza, wannan silindar lafiyarta lau. Wanda ya sassauta ba abin da ya canza, sai ya ce, "Ga malalacin nan, tun ɗazu 'yan'uwansa ne suke ɗauke da shi."

Babban aiki shi ne ranar da za a sauke inji. A kafa ƙarfe uku a rataya sarƙa, a zaro shi a ajiye a kan katako. Mu yara aikinmu wanki, a cikin rabin duro da gas da buroshi, tun safe har yatsu su yi fari su tattare. Kowane fistin da lambarsa, kowane bawul da gurbinsa, a jera su a kan buhu yadda aka ciro su, wanda ya hautsina kuwa ranar zai ji a jikinsa. A kai kirankishaf wurin masu wasawa, a shiga Ƙofar Ruwa neman ringi da metal daidai da sabon awon. Wajen haɗawa Kawu ba ya son surutu. Bakin ringi ba a jera shi a layi ɗaya, sai an karkasa shi don kada matsi ya sami hanyar gudu. Notin kan silinda daga tsakiya ake fara ɗaurewa a yi waje, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye, in ka ɗaure gefe ɗaya tamau ka lanƙwasa kan, aikin sati ya tashi a banza. Bayan an gama sai a fitar da iskar da ta shiga layin mai, ana buga ɗan famfon hannu har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla. Sannan a ce da direba ya yi bismilla. Mai karatu, na ga ranakun farin ciki a rayuwata, har da ranar da littafina na farko ya fito daga maɗaba'a, amma ƙarar injin da ya yi wata uku a mace, ya yi tari sau biyu sannan ya kama, daɗinta daban ne.

Katafila kuwa wata duniya ce. Mu a wurinmu duk wata mota mai tafiya a kan sarƙa katafila ce, ko da Komatsu ce ta Japan, alhali sunan kamfani ne na Amurka, Caterpillar, da aka kafa a 1925. Kawu yana saurayi ya ga aikin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gama a 1974, kuma a can ya fara sanin irin tsofaffin da ake tayar da su da wani ƙaramin injin fetur da ke manne a gefe, shi zai yi ta juya babban har ya ɗumama ya kama. Ita katafila ba ta zuwa gareji, kai za ka bi ta daji da akwatin kayan aikinka da tabarmarka.

A irin wannan tafiyar na ga abin da ya sa nake girmama mutumin nan har gobe. Ana haƙa wani tafki a wani ƙauye, ana sauri kafin ruwa ya sauka, domin mutanen wurin da dabbobinsu da shi za su ci rani. Muna tsaye sai injin katafilar ya ɗauki kuka, gudunsa yana ta ƙaruwa, hayaƙi ya turnuƙe. Direba ya janye mai, inji bai saurara ba. Ya diro ya ranta a na kare, leburori suka bi shi. Abin da ya faru, tabo ɗin ne ya lalace yana tura baƙin mai cikin hanyar iska, inji ya koma cin man jikinsa, don haka ko ka datse gas bai dame shi ba, zai yi ta gudu har ya tarwatse. Kawu ya fizge tukunyar da ke bakin bututun iska, ya ɗauki wani guntun katako mai faɗi ya kifa a kai ya danne. Injin ya yi gurnani, ya shaƙe, ya yi shiru. Da ƙura ta lafa ya dube ni ya ce, "Ka gani ko? Duk ƙarfinsa, hancinsa na toshe. Amma ko da wasa kada ka sa tafin hannunka ko tsumma, zai zuƙe." Kwana huɗu muka yi muka sa wani tabon, aka gama tafkin kafin ruwan farko. Mutanen ƙauyen ɗan kwangila suka yi wa godiya, mu kuwa aka ba mu fura.

Sana'ar tana cin masu ita. Feshin nozul yana huda fata ya shiga nama. Murfin lagireto mai zafi ya saɓule wa mutane da yawa fuska. Bayan tifa da aka ɗaga ba a tokare ba ya danne wasu har lahira. Ga kuma hayaƙin, wanda hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin abubuwan da ke jawo cutar a 2012. Kawu ya shaƙe shi fiye da shekara 40, kuma da tari ya ƙare kwanakinsa, Allah ya jiƙansa. Duk da haka, da na rubuta wani labari na sa jarumin bakanike ne, na kai wa wani mai sayar da littattafai, sai ya juya shafi biyu ya miƙo mini. Ya ce, "Malam, 'yan mata ne masu saye. Wace ce za ta ba da kuɗinta ta karanta soyayyar mai ƙazamin kaya? Mayar da shi injiniya mai ofis." Na karɓi abina na fito, a raina ina cewa kwalayen littattafan da ke shagon nan ma a bayan gingimari suka zo. A 2022 da litar gas ta haura Naira 700, ai kowa ya ji a kuɗin kwanon masara, a lokacin ne wasu suka gane cewa tukunyar gidansu a kan injin gas take.

Yanzu zamani ya juya. Howo ta Sin ta cika hanya, ga DAF da MAN na baya-bayan nan da ake shigowa da su daga Turai. Sababbin injuna kwamfuta ce take auna musu mai, kuma matsin feshinsu yana kaiwa ninki goma na irin wanda muka sani. Gaskiya sun fi ƙarfi, sun fi tattalin mai, hayaƙinsu ya fi sauƙi, ba kuwa zan yi musu ƙazafi ba. Sai dai ba su da haƙurin tsofaffin. A zamaninmu na gareji masu sayar da mai a bakin hanya sukan gauraya gas da kananzir, 911 ta sha ta yi tafiyarta, sai a hankali famfon injekta ya nuna. Na yanzu kuwa ɗan ruwa ko datti ya isa ya kashe injektocin da kuɗinsu zai sa mai mota ya riƙe kai. Kuma idan ya tsaya maka a dajin da ba kowa, sifana da kunne ba za su fisshe ka ba, sai an zo da na'ura an jona ta karanto laifin.

Abin da yake damuna ke nan. Yaran da suke shiga gareji yau wasu sun raina tsofaffin, suna ganin na'ura ta gama komai. Wasu tsofaffin kuma sun raina na'urar, suna cewa wasan yara ne. Alhali na'ura lamba kawai za ta ba ka, ba za ta gaya maka dalilin da ya sa silinda ta huɗu take cin ringi duk bayan wata shida ba, wannan sai wanda ya san ciki. Ilimin da ke kan Kawu bai shiga takarda ba, da shi aka binne, in ban da ɗan abin da ya rage a hannun yaransa. Kowace shekara kuma ana binne irinsa a Kano da Zariya da Gusau da Maraɗi.

Don haka ƙannena da kuke gareji, musamman ku da kuka yi makaranta, ku sayi littafi na rubutu ku ajiye a akwatin sifana. Duk abin da maigidanku ya faɗa game da ƙara ko hayaƙi ko awo, ku rubuta da Hausarku yadda ya faɗe shi, sannan ku je ku koyi na'urar, ku haɗa biyun. Iyaye kuma, idan bakanike ya zo neman 'yarku, ku bincika halinsa da riƙon amanarsa, baƙin farcen nan sabulu ne bai iya fitar da shi ba, amma halal ce a ƙarƙashinsa. Allah ya sa wa sana'ar kowa albarka, ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.