Hannunka Ba Ya Ruɓewa Ka Yanke Ka Yar

Akwai wata magana da ake yi a zangunanmu cikin raɗa, a bayan ƙofa, alhali kuwa ta isa a yi ta a tsakar gida da rana tsaka. Maganar ita ce ta 'ya'yanmu da ƙannenmu da shaye-shaye ya kama, da kuma inda za a kai su su sami magani. Daga Nima da Mamobi har Madina da Ashaiman, daga Aboabo ta Kumasi har Tamale, da wuya ka sami layin da babu gida ko ɗaya mai wannan ciwo. Mu da muke wannan rubutu muna cikin waɗanda suka taɓa raka nasu gidan jinya, muka yi watanni muna zirga-zirgar ziyara, don haka muka ga ya dace mu faɗi abin da idonmu ya gani, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Da can, in an ce yaro ya lalace, to wiwi ake nufi ko apetashi. Amma tun wajen shekarar 2017 sai ga tiramadol ta cika gari. Lebura da mai tuƙa aboboya da mai haƙar galamsi suna haɗiyarta domin wai su ƙara ƙarfin aiki, su manta da gajiya. Abin da hukuma ta amince a sayar a Gana shi ne mai miligiram 50 da 100, shi ma da takardar likita, amma wadda ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya ta kai 120 da 225 har 250. Likitoci ba su yarda babban mutum ya wuce miligiram 400 a yini ba, domin abin da ya haura haka yana iya kawo farfaɗiya, ga shi kuwa yaro kan watsa uku ko huɗu a baki lokaci guda. A 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. A watan Fabrairu na 2025 kuma binciken BBC ya fallasa wasu ƙwayoyi da ake haɗawa a Indiya a turo Afirka ta Yamma, har gwamnatin Indiya ta haramta wannan haɗin. Wato ana toshe wata kafa, wata tana ɓullowa.

Abin da ya kamata iyaye su fara ganewa shi ne yadda wannan abu yake riƙe mutum. Idan jiki ya saba, ɗaya ba ta isa sai biyu, biyu ba su isa sai huɗu. Ranar da aka rasa kuwa sai gumi da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci da fargaba su taso masa gaba ɗaya. A nan yaro ya daina sha don jin daɗi, yana sha ne don gudun wannan azaba. Na giya ma ya fi haɗari, domin wanda ya daɗe yana sha da yawa, in ya yanke farat ɗaya, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya kama karkarwa da gane-gane da farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Saboda haka kulle mutum a ɗaki, ko ɗaure shi da sasari a wani wurin addu'a, wasa da ransa ne. Tun 2017 hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta yi shelar hana ɗaure marasa lafiya da sarƙa. Addu'a tana da muhallinta, kuma ba mu taɓa barin ta ba, amma raƙumi sai an ɗaure shi sannan a yi tawakkali.

Namu ɗan 'yar'uwarmu ne, saurayi mai sana'ar walda, wanda a da ko kallon banza ba ya yi wa babba. Da abin ya ci ƙarfinsa, har injin walda sai da ya sayar. Ranar da dangi suka zauna aka yanke shawarar a kwantar da shi, uwarsa ta fashe da kuka, ta ce wa wanta, "Yaya, in aka ji an kai shi can, wa zai ba shi 'ya? Cewa za a yi mahaukaci ne." Shi kuwa ya ce mata, "Hajiya, mai rai ake yi wa aure. Mu fara ceto ran tukuna." Yaron da kansa, da aka kira shi, kansa a ƙasa ya ce, "Kawu, na gaji. Ku kai ni." Wannan kalma tasa ita ce rabin maganin, domin wanda ya tafi da yardarsa ya fi sauƙin zama.

Tsoron Hajiya yana da dalili. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati guda uku ne, wato na Ankara da aka buɗe a 1906, da Ankaful kusa da Kef Kos a 1965, da Pantang a 1975, kuma a bakin mutanenmu sunansu ɗaya ne, asibitin mahaukata. Amma Pantang da Ankaful suna da sashe na musamman na masu neman rabuwa da shaye-shaye, ga kuma gidajen jinya masu zaman kansu da na ƙungiyoyin addini. Doka ma ta sauya. A ƙarƙashin tsohuwar dokar 1990, wanda aka kama yana sha yakan fuskanci ɗaurin shekara biyar zuwa sama. Sabuwar dokar 2020 ta mayar da hukuncin wanda aka samu da ɗan abin da zai sha tara, ta kuma ɗauki mashayi a matsayin mai bukatar magani. To, in gwamnati ta gane haka, ina dalilin da zai sa mu iyaye mu tsaya a baya?

Ga abin da muka gani a gidan da aka kwantar da namu. Mako ɗaya zuwa biyu na farko na wanke jiki ne, likita da nas suna sa ido, suna ba da maganin da zai rage azabar. Bayan nan sai babban aikin, wato koya wa mutum zaman duniya ba tare da ƙwaya ba. Ana tashi da sassafe, kowa ya gyara shimfiɗarsa, a yi shara, a motsa jiki, sannan a zauna da mai ba da shawara, wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci cikin taro inda kowa zai faɗi labarinsa ba tare da an yi masa dariya ba. Da yawa suna bin tsarin matakai goma sha biyu, wanda ya samo asali daga ƙungiyar masu barin giya da aka kafa a Amurka a 1935. A farko an karɓe wayarsa, an kuma taƙaita ziyara, abin da ya yi mana ciwo, amma daga baya muka ga hikimarsa, domin abokan shan nan ta waya suke kiran mutum. Masu bincike sun nuna cewa jinyar da ba ta kai kwana 90 ba, amfaninta kaɗan ne, don haka kada a ɗauko yaro don kawai an ga ya yi ƙiba ya fara fara'a.

Duk wanda zai kai nasa, ya yi tambaya kafin ya biya ko sidi ɗaya. Shin gidan yana da lasisin hukuma? Akwai likita da nas, ko kuwa masu gadi ne kawai? Ana duka ko ɗauri? Za a bar shi ya yi sallarsa, a ba shi abincin halal? Ana zama da iyali a koya musu nasu aikin? Bayan sallama, wa zai riƙa bin sawunsa? Gidan da ya ƙi amsa waɗannan, a juya a nemi wani.

Ranar dawowa gida kuwa, nan ne tafiyar ta soma. Kididdigar da masana suka fi kawowa ita ce kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan sake zamewa, kusan daidai da yadda mai hawan jini ko asma ciwonsa kan taso. Zamewa alama ce ta a koma wurin likita, ba dalilin kora daga gida ba. Sai dai a sani, jikin da ya yi watanni ba ya sha ba zai iya ɗaukar abin da ya saba ɗauka a da ba, don haka wannan lokaci ya fi kowane haɗari. Namu ya zame sau ɗaya, aka mayar da shi, ya sake tashi. Abin da ya riƙe shi shi ne wani maigidan walda da ya karɓe shi aiki, da kawunsa da ya riƙa ajiye masa kuɗinsa, da kuma barin tsohuwar majalisar shayin da yake zama. A gida kuma aka daina ɓoye jaka in ya shigo, aka daina tuna masa da injin da ya sayar.

Akwai abin da ya shafe mu a matsayinmu na 'yan zango. Yawancin zaman shawarar nan da Turanci ko Tuwi ake yin su, alhali mutum ba ya iya amayar da abin da ke cikin zuciyarsa sai da harshen da ya sha a nono. Muna roƙon sarakunan zango da limamai su ba da ɗaki ɗaya a makaranta ko a gefen masallaci, inda waɗanda suka warke za su riƙa haɗuwa mako-mako suna magana da Hausa, sirrinsu a rufe. Kuɗin jinya yana da nauyi, amma mu da muke haɗa gudummawar biki da ta rasuwa cikin kwana ɗaya, za mu iya kafa asusun ceton mai rai. Kada kuma a manta da 'ya'ya mata, domin su ma abin yana kama su, kuma su aka fi ɓoyewa har sai lokaci ya ƙure.

Ciwon ɗa guda ciwon zango ne gaba ɗaya. Allah ya shiryi zuriyarmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba iyaye haƙurin jinya. Wassalam.