A Geceme, gero ya shiga rumbu, an fara ɗaurin kaya

Geceme gari ne na ƙasar Arewa, cikin jahar Doso. Yana zaune cikin Dallol Mawri, kudu da Dogondutsi, ba nisa da iyakar Najeriya. Da can Dogondutsi ke riƙe da shi. A shekarar 2011 aka yanke gundumar Tibiri, aka sa Geceme a cikinta, tare da Dumega da Kore Mairuwa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 100.000 a garin da ƙauyukansa.

Ƙasa ce mai albarka. A fadama ruwa ba shi da zurfi. Ana noman rake da rogo da dankali, ga mangwaro, ga goriba. A tudu kuma gero ne da wake da gyaɗa. Amma ba kowa ke da fadama ba. Wanda gonarsa ke tudu, in ya kai dammunansa rumbu, ba shi da sauran aiki sai ruwa ya sauka. Wata bakwai ke nan, ko takwas. Shi ya sa da kaka ta wuce, samari da magidanta ke fita biɗa. Wasu su nufi Yamai. Wasu su bi ta Gaya, su ƙetare Kwara zuwa Kwatano, Lome ko Abijan. Wasu kuma su shiga ta Kamba ko Kangiwa, su wuce Birnin Kabi, Sakkwato, har Legas.

Wajen tafiya kaya ba su da nauyi: riga biyu, wando, bargo, buta, ɗan guzuri. Dawowa ce mai nauyi. Gumin wata bakwai ke cikin jaka: turamen zane, sabulu, sukari, takalman yara, fitila mai aiki da rana, wani lokaci ma kayan lefe gaba ɗaya. Abin mamaki, mutum yakan yi ciniki na rabin yini a kan turmin zane guda, amma jakar da za ta ɗauko zanen, a tasha zai saye ta, mota na shirin tashi, ko dubawa bai yi ba.

Hanya kuwa ba ta tausayin kaya. Daga ƙauye zuwa bakin kwalta akwai rairayi, akwai burji mai girgiza. Kaya su hau amalanke, su sauka, su hau babur, su sauka. A tasha karen mota ya jefa su bisa, ya ɗora buhunan rogo a kansu, ya taka da ƙafa, ya ja igiya iyakar ƙarfinsa. Wani lokaci akuya ce za ta kwana a kansu. A shingen duwan a ce a sauke, a buɗe, a mayar. Daga Legas zuwa Geceme jaka takan sha ɗauka da jifa sau goma ko fiye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. Matafiya suka koma ƙetare Kwara cikin kwalekwale. Waɗanda suka bi ta nan sun ga yadda jakar da aka aje a gindin jirgi ke shan ruwa.

Kakanni sun san wannan tun kafin mota ta zo. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ratsa ƙasar Kabi, su ɗauki gishirin Foga, su ƙetare Kwara. Tafiyar watanni ce a kan jaki. Suna da waga ta ƙirgi, da mangala, da taiki, da burgami na fatar akuya. Goro kuma a naɗe shi cikin ganye, a yi huhu, kada ya bushe. Kowane kaya da mazubinsa. Madugu ba ya tashi da ayari sai an duba ɗauri.

Yau abin da ya fi yawa a tasha shi ne jakar leda mai zane ja da shuɗi, wadda ake kira Gana mas go. Sunan nan yana da tarihi mai ɗaci. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Najeriya. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka fita. Yawancinsu ƴan Gana ne, amma akwai ƴan Nijar da dama. Kowa ya ruga kasuwa ya sayi wannan jaka, don ita ce mai araha, mai cin kaya. Kafin nan, a ƙarshen 1969, Gana ma ta kori baƙi haka nan, cikin mako biyu. Dattawan Arewa da suka yi zaman Kumasi ba su manta ba. Jakar gudu ce, an saye ta don tafiya guda. Mutane ne suka mai da ita ta shekara da shekaru.

Ba a ce a yar da ita ba. Ba ta da nauyi, tana naɗuwa, talaka na iya sayenta. Amma a san halinta. Rana na cinye ledar, ta yi fari, ta riƙa marmashewa. Hannuwanta ɗinki ɗaya ne, ba su ɗaukar nauyi. Zif ɗinta shi ke fara mutuwa. Masu wayo sukan sayi biyu su zura ɗaya cikin ɗaya. Su kai wa tela ya ƙara ɗinki a hannuwa da kusurwoyi. Su goga kyandir ko busasshen sabulu a zif don ya riƙa tafiya. In sun cika ta, su ɗaure da igiya tsaye da kwance, a riƙa ɗauka ta igiyar.

Wani saurayi na wani ƙauyen Geceme bai yi haka ba. Ya yi rani yana tura ruwa a birni, ya haɗa kayan aurensa, ya zuba duka cikin tsohuwar jakar da ya tafi da ita. A kan burji gefenta ya yage. Dare ne, ba wanda ya gani. Da aka iso aka sauke, rabin jakar iska ce. Da asuba shi da ƙanensa suka bi hanya a kan babur. Suka tsinci takalmi ƙafa ɗaya da sabulu uku. Zannuwa sun tafi. Ubansa bai yi faɗa ba. Ya ɗaga jakar, ya zura hannu ta wurin yagewar, ya ce: "Yaro, nawa ka saye ta?" Yaron ya faɗa. Ya ce: "To, zanen fa, nawa?" Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce: "Baba, a yi mini haƙuri." Aka ɗaga auren sai wata kaka.

Wanda ke fita kowace shekara, akwatin ƙarfe ya fi masa, wanda wasu ke ce wa kantin. Maƙera na yin sa da tsohuwar gangar ƙarfe ko da sabon fallen ƙarfe. A kasuwar Katako ta Yamai ana jin ƙarar gudumarsu tun daga nesa, kuma akwatunan na zuwa kasuwannin ƙauye. Fenti kan ruɗi mai saye. Shuɗi ne ko kore, da furanni a jiki, amma fenti ba ya ɗaukar kaya. A danna murfin da babban yatsa. In ya lotsa kamar gwangwanin madara, ƙarfen ba shi da kauri. A zauna a kai. Maƙerin da ya yarda da aikinsa ba ya hana mai saye zama. A duba bakin murfi, ya sauko ya rufe bakin akwatin sosai, don ruwan sama ya zuba waje. A ja hannuwa da ƙarfi, a ga ko ƙusoshin sun ratsa an dake su ta ciki. A buɗe murfi a rufe sau da yawa, a ga ko mahaɗinsa na baya na rawa. Mai madatsa biyu, da sandar ƙarfe da ke ratsa su a sa kwaɗo guda, ya fi mai madatsi ɗaya a tsakiya, don ɓarawo na iya ɗaga kusurwa. Sai kuma a sa hanci a ciki. Gangar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari takan riƙe wari. Irin wannan ba a zuba gari ko sukari a ciki.

Aibinsa nauyi. Ko ba kome a ciki, kaya ne. Direba na ƙara kuɗi a kansa, mai babur na ƙorafi. Kuma yana da tsada ranar saye. Amma a yi lissafi da hatsi. Wanda ke sayar da tiya biyu ko uku kowace shekara don sabuwar jakar leda, in ya haɗa na shekara goma, ya san inda geronsa ya tafi. A gidajen Geceme akwai akwatunan da suka je Kumasi suka dawo tun masu su na samari, yau jikoki ke zama a kansu. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Akwai kuma akwati mai taya, wanda ake kawowa daga Sin da Dubai. Yana da kyau a ido, samari na son sa. An yi shi ne don daɓen filin jirgi. A rairayin Dallol tayar ba ta juyawa, sai a ɗauke shi a ka, kuma igiyar karen mota na fasa jikinsa. Ya dace da mai zuwa Maka, inda ake auna kaya. Kamfanonin jirgi da yawa kilo 23 suke yarda wa akwati guda, don haka nauyin akwatin kansa ma abin dubawa ne. Mai saye ya duba zif mai manyan haƙora, da tayar da aka ɗaura da ƙusa mai juyawa, wadda za a iya canjawa.

Jakar fata ba ta mutu ba. Fatar jar akuya ta Maraɗi da Sakkwato ta yi suna har Turai. Majema na jeme ta da bagaruwa, dukawa su ɗinka. Mai kyau, in an lanƙwasa ta ba ta tsagewa, ba ta wari, launinta ba ya bin hannu. A buɗa ɗinki da yatsa: in haske na ratsawa, ɗinkin ya yi faɗi. Makiyaya sun fi kowa sanin wannan. Da damina su yi arewa da shanu don su bar wa manoma gonaki, da kaka su sauko Dallol. Gidansu duka na bisa jaki da takarkari. Ba su ɗaukar abin da ba ya lanƙwasa, ba su ɗaukar abin da ba za su iya gyarawa a daji da basilla da tsirkiyar fata ba. Bafulatana na jera ƙorai ɗaya cikin ɗaya, ta ɗaure cikin raga, a yi tafiyar kwana da kwanaki ko guda ba ta fashe ba.

Buhu ma mazubi ne, kuma yana da ƙarfi. Na shinkafa mai kilo 50 ya fi jakar leda jimiri. Na takin zamani sai an wanke shi sosai. A sa babbar leda a ciki saboda ruwa, a ɗinke baki da basilla. Matsalarsa guda: buhu duk kama ɗaya ne. A bisa mota buhu talatin, dare ya yi, kowa na gaggawa. Nan ne karatun yaƙi da jahilci ke biyan mai shi. Wanda ya iya rubutu ya samu fenti, ya rubuta sunansa, da sunan garinsa, da lambar waya, da manyan baƙaƙe, gefe biyu. Ya rubuta abin da ke ciki a takarda, ya riƙe a aljihu. In babbar mota ce mai ba da tikitin kaya, ya karanta lambar da aka manna, ya ga ta yi daidai da ta hannunsa. Wanda bai iya ba tukuna, ya kira ɗan makaranta ya rubuta masa, shi kuma ya ɗaura ƙyalle mai launi da zai gane.

Abu uku ba su hawa bisa mota, kome ƙarfin akwati: kuɗi, waya, da takardu. Katin shaida, takardar haihuwa, da katin allurar shawara da ake tambaya a iyaka, wurinsu ƴar jakar fata ce a rataye cikin riga, an naɗe su da leda saboda gumi. Uwaye mata na Arewa sun daɗe suna ɗinka wa ƴaƴansu aljihun ɓoye cikin wando. Yanzu ga gidajen aika kuɗi a manyan garuruwa. Mutum na iya turo rabin abin da ya samu gida tun kafin ya hau mota, ya taho da na hanya.

Cikin watan Mayu da Yuni, in hadari ya fara haɗuwa a gabas, motoci na sauke ƴan biɗa a Geceme da Lido da Fadama. Kowa na sauri ya kama shuka. A nan ne jaka da yawa ke lalacewa, a cikin ɗaki, ba a hanya ba. Ƙasan Dallol na da laima. Akwatin ƙarfe in an aje shi a ƙasa, tsatsa na cin gindinsa kafin kaka. Sai a ɗora shi bisa duwatsu huɗu ko itace, a shafa fenti inda ya goge, a ɗiga mai a kwaɗo. Jakar fata a shafa mata man shanu kaɗan, a rataye ta inda ɓera da gara ba su kai. Ta leda a wanke, a shanya a inuwa, a naɗe, a sa ta cikin akwatin. Mabuɗi biyu ne ke zuwa da kwaɗo. Ɗaya na wuyan mai tafiya, ɗaya a ba uwargida ta aje.