Kurar rijiya a Garagumsa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, cikin bazarar nan na kai ziyara ƙasar Garagumsa. Tana yamma da Damagaram, wajen kilomita 50 bisa hanyar Maraɗi. Babban garinta Takeita, inda hanya ke rabuwa zuwa Matamaye. Tun 2011 Takeita ta zama gunduma.

Ban daɗe cikin gari ba. Na bi sawun shanu har bakin wata rijiyar siminti, irin waɗanda Ofedes ta riƙa ginawa a ƙasar nan bayan an kafa ta a 1963. Hantsi ya yi, ba a ja ruwa ba. Igiya ta tsinke, guga ya faɗa, samari na lalubensa da ƙugiya. Shanu sun kewaye komi suna kuka.

Kowa yana zagin igiya. Sai wani tsoho ya ce a sauko da kura tukuna. Kura ita ce guntun icen nan mai juyawa, wanda igiya ke bi ta kansa in sa yana jan guga.

Na ce, "Baba Alhaji, me ka gani?"

Ya ce, "Ɗana, kawo yatsanka."

Na shafa hanyar igiya. Ta zurfafa, gefenta ya yi kaifi. Ashe ita ke cin igiya kullum. Ramin tsakiya kuwa ya buɗe, ya yi kamar ƙwai. Shi ya sa kura ke rawa, igiya ta yi tsalle ta maƙale, sa ya fizga, ta tsinke. Ran da ta tsinke da guga cike, wanda ke kusa yana iya shan bulalarta a fuska.

Alhaji ya ce yana yaro ya bi mahaifinsa hajji ta ƙasa. A Suwakin, cikin Sudan, suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Jirgin ba shi da inji. Iska ke tura wani babban ƙyalle, ana ɗaga shi ana sauke shi da igiya da kura. In hadari ya taso kura ta cije, ƙyalle ba ya sauka, jirgi yana iya kifewa. Don haka, in ji shi, matuƙa ba su tashi sai sun taɓa kowace kura da hannu.

Ya nuna mana abin da ke gyaruwa. Gefe mai kaifi, a goge shi ya yi sumul. Rami ya buɗe, maƙeri ya sa guntun bututun ƙarfe ciki, a shafa mai. Amma kura in ta tsage, ba ta da magani. Ɗaurin waya ruɗi ne kawai. A sassaƙa wata da ice mai tauri kamar ƙirya ko aduwa. A kai wa masassaƙi tsohuwar tare da guntun igiya, don hanya ta yi daidai da kaurinta.

Igiyar roba, rana ke kashe ta. In ka murza ta bar maka gari a hannu, ta gama aiki. Gwafannin da ke riƙe da kura ma, a tona gindinsu a duba gara.

Tasu kurar ba ta tsage ba. Wani yaro ya ruga da ita maƙera. Sai bayan azahar guga na farko ya fito, aka fara da maruƙa.