Shirwa Da Tsoffin Gurare A Fadamar Haɗejiya Da Nguru

Wanda duk ya ratsa ƙasar da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa cikin watan Nuwamba, zai ga abin da ba safai ake gani ba a wannan sashe na Nijeriya. Zai yi ta wuce tudun rairayi da ƙayoyi da goruba, sa'an nan ba zato sai ruwa ya bayyana, shimfiɗe har iyakar ganin ido, bado ya lulluɓe shi, shanu kuwa sun kutsa ciki har ƙirji suna kiwo. Wannan ita ce babbar fadamar da ta haɗa Jihar Jigawa da Jihar Yobe.

Asalinta kogi biyu ne. Kogin Haɗejiya yana tattaro ruwansa daga ƙasar Kano, na Jama'are kuma yana gangarowa daga duwatsun Jos. Da suka iso nan sai suka tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai jerin tuddan rairayi, suka rarrabu ƙorama-ƙorama, kafin su sake haɗuwa su zama Kogin Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Cadi. Kowace damina ruwa kan malale fadamar, ya cika ya batse wajen watan Satumba da Oktoba, sa'an nan ya riƙa ja da baya sannu a hankali. A kan wannan hawa da sauka manomin shinkafa da makiyayi da masunci suka gina zamansu tun kaka da kakanni.

Duniya ta san da wurin. Cikin 1987 aka kafa wani shiri na kiyaye fadamar, kuma Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci tafkin Dagona na ƙasar Bade cikin 1989. A shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, Dagona da Baturiya suka biyo baya cikin 2008. Amma ban da manyan baƙi da masana, akwai waɗansu masu ziyara da ba a cika ambatarsu ba, watau masu ɗaukar hoto don sha'awa: malamin makaranta a lokacin hutu, ɗalibi, ma'aikacin ofis, wani da kyamara, wani da wayar hannu kurum. Abin da ke kawo su tsuntsaye ne, amma abin da suke komawa da shi ya fi tsuntsu muhimmanci.

Sabon shiga yakan zo da burin dinya da kirinjijiya, da agwagin ruwan da ke tasowa tun daga Turai su ƙetare Hamada su yi rani a nan. Ba ya daɗewa yake gane cewa waɗannan ba su yarda a kusance su ba. Kwalekwale na motsawa, sai su tashi ɗungum, hoton ya fito ɗige-ɗige kamar an watsa gero a faranti. Tsuntsuwar da ke ba shi haɗin kai ita ce wadda bai sa a lissafi ba, watau shirwa, wadda matan gida suka sani da satar 'yan tsaki.

Shirwa ba ta tsoron mutane, don a gefensu take ci. Mai lura zai shaida ta da tsagaggiyar wutsiyarta, wadda take murzawa hagu da dama tana juya jikinta a iska ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Iri biyu ake gani: ta gida mai rawayan baki, da baƙuwa mai baƙin baki da ke zuwa daga arewa da rani. Takan sauko ta suri mataccen kifi a kan ruwa da ƙafa, ta ci shi tana tafe a sama. Idan aka ɗauke ta tana can cikin hasken sararin sama, baƙin abu kawai za a samu. Gwanaye sukan ba rana baya, su jira har ta sauko daidai ciyawa ko ruwa, sa'an nan launin gashinta ya fito. Hantsi da la'asar sun fi dacewa, kafin hazon hunturu ya yi kauri.

To, amfanin shirwa ga mai hoto bai tsaya ga kyanta ba. Ita ce ɗan jagora. Inda duk aka hango su biyar ko goma suna shawagi wuri guda, in ba gobarar daji ce ta tayar da fara ba, lalle akwai masunta a ƙasa suna gyaran kifi, ko kuwa murhun banda yana hayaƙi. Wanda ya bi su zai iske kansa a bakin wata ƙorama, inda tarwaɗa da karfasa da ƙurungu ke zube a tabarma. A nan ne kuma zai fara cin karo da tsoffin kayan su: turaku baƙaƙe jere a tsallake mashiga, ragowar shingen zana da ruwa ya cinye, gura ta saƙar itacen geza da igiyar kaba an jingine ta a gindin bishiya, koma mai baka biyu, da ƙaton goran da masunci ke kwanciya a kai ya yi iyo.

Waɗannan kaya hikima ce ta mutanen da suka san halin ruwa. Da damina kifi yakan bi ambaliya ya shiga fadama ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma cikin ciyawa. Idan ruwa ya fara janyewa, tilas ya nemi hanyar komawa kogi. Masunci ya san ta inda zai bi, sai ya kafa shinge a mashigar, ya bar ƙofofi, ya ɗana gura a kowace ƙofa. Bakin gura kamar mazurari yake, shiga da sauƙi, fita babu. Tafkunan da suka rage kuwa Sarkin Ruwa ne ke tsare su, ba mai jefa koma sai ranar da aka buɗe su, kamar yadda ake yi a bikin kamun kifi na Gogaram, tsohon birnin Bade.

Abin baƙin ciki shi ne, yawancin turakun nan ba a sabunta su. Dalili na farko ruwan ne ya sauya hali. An gama madatsar Tiga cikin 1974, ta Challawa kuma cikin 1992, duka a kan rassan Kogin Haɗejiya. Kafin wannan, ambaliya takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai albarka, amma bayan madatsun da farin 1984 sai ta ragu ƙwarai. Bugu da ƙari, ruwan da ake saki da rani domin noman rani ya hana waɗansu ƙoramu bushewa. Laka ta taru, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe tsoffin hanyoyin ruwa, ta karkatar da shi ta Marma zuwa Nguru. Sai ya zamana wani gari ruwa ya ci gonakinsa, wani kuwa ƙoramarsa ta ƙafe. Shingen kifi da hawa da sauka yake aiki, inda ruwa ya tsaya cik ko ya ɗauke ɗungum, ba shi da amfani. Dalili na biyu kuwa zaren roba ne. Gurar da ake kira ta Mali, mai ƙashin itace da rufin raga, ta fi saurin haɗawa, saboda haka samari ba su zauna sun koyi tsohuwar saƙa ba.

A nan ne hoton ɗan sha'awa ya zama abin dogaro. Ganuwa ko masallaci in sun rushe sukan bar kufai, amma shingen kara da gurar geza damina biyu ko uku sun isa su shafe su, ba a ga ko alama. Masana sun auna faɗin ruwa daga jirgin sama, sukan kuma ƙidaya tsuntsaye cikin watan Janairu, amma ba aikinsu ba ne su bi mashiga-mashiga suna duba yadda aka ɗaure turke. Hoton da aka ɗauka a wuri guda bana, aka sake ɗauka baɗi, zai nuna taku nawa kacala ta ci, kuma shaida ce da mutanen gari za su iya ajiyewa gaban hukuma ranar da ake maganar rabon ruwa. Gani ya kori ji.

Sai dai hoto ba ya zama shaida sai da sharaɗi. Wajibi ne a rubuta sunan gari da na ƙorama, da kwanan wata, da sunan abin kamar yadda masu shi ke kiransa, ko da Hausa ko Badanci ko Barbarci. A wanke mafi kyau a takarda, domin waya na faɗawa ruwa, shekara biyar ta tafi. Haka kuma akwai ladabi. Baƙo ya fara gaida mai gari da Sarkin Ruwa, ya nemi izinin ma'aikatan gandu kafin ya shiga Dagona, kada ya ɗauki matan aure ba da yardarsu ba, kada kuma ya ɗaga gurar wani don hoto ya yi kyau, gama a bakin ruwa mai taɓa gurar da ba tasa ba sunansa ɓarawo. In ya sake dawowa, ya riƙo wa tsohon da ya nuna masa saƙa hotonsa.

Shirwa dai ba ta da wata fargaba, in kifi ya ƙare za ta koma mahauta da juji. Masu saƙar gura ne ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Mai kyamarar da ke da niyyar zuwa, kakar bana ta fi ta baɗi.