Rana Ta Huɗu

Ma'aikacin gwamnati idan aka yi masa rasuwa, takarda zai rubuta a ba shi hutu, ƙarshen wata albashinsa ya shigo cif, ko ya zauna ofis ko bai zauna ba. Mu 'yan kasuwa ba mu da wannan gatan. Ranar da ba ka buɗe ba, ba ka samu ba. Kuɗin haya bai san an yi maka mutuwa ba, mai kaya a Aba ko Kantin Kwari yana jiran cikon kuɗinsa, mai adashe kuma za ta zagayo da yamma da littafinta kamar kullum. Shi ya sa muke cewa kwana ukun farko na zaman makoki na kowa da kowa ne. Dangi za su zo, 'yan unguwa su cika tabarmi, har ɗan siyasa ya leƙo a ɗauke shi hoto. Rana ta huɗu, bayan an naɗe tabarmi an mayar da bencin masallaci, ita ce ta abokan sana'a.

A Taminus muka koyi wannan, kuma da tsada muka koya. Tun da babbar kasuwa ta ƙone a Fabrairun 2002, da yawa daga cikinmu masu shaguna muka dawo bakin titi, tebur da lema, Bahaushe kusa da ɗan Ibo, Bayarabiya kusa da 'yar Birom mai kayan miya. Ranar Talata, 20 ga Mayun 2014, ana dosar la'asar, bam ya tashi a tsakiyar wannan cunkoson. Ba a fi rabin awa ba na biyu ya tashi, shi ne ya ci mutanen da suka rugo don ɗaukar 'yan'uwansu. Hukumar NEMA ta ce aƙalla mutum 118 suka rasu. Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu, Ya ba iyalan kowa haƙuri.

A layinmu na masu takalma akwai wani dattijo da ba za mu kira sunansa ba, don yana raye kuma yana karanta wannan mujallar. Ɗansa na fari, wanda shi ke riƙe masa tebur da lissafi, yana cikin waɗanda suka ruga bayan ƙarar farko. Da magariba ta yi bai dawo ba, wayarsa kuma ba ta shiga, sai 'yan layi muka rarrabu ba tare da wani ya tsara ba: wasu tsohon JUTH da ke nan kusa, wasu asibitin Filato, wasu Jankwano. Uban muka hana shi tafiya, muka zaunar da shi a masallaci da mutum biyu a gefensa. Wanda ya gano yaron maƙwabcin teburinsu ne, ɗan Ibo mai kawo kaya daga Aba. Da takalmin ƙafa ya gane shi, don a wurinsa yaron ya saya. Bai kira uban ba. Mu ya kira, da Hausarsa ta 'yan Jos, ya ce, "Malam, na gan shi. Ku kuka san yadda ake faɗa wa uba, ni ban iya ba."

Washegari muka kai shi maƙabartar Zariya Road. Kwana ukun nan ba a ɗora tukunya a gidan ba, matan 'yan layi ne suka riƙa aiko da tuwo da kunu bi da bi. Wannan ba wayonmu ba ne. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya zo daga yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) ya umarci a dafa wa iyalansa abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Mu kuwa yau sau da yawa sai mu juya abin, mai makoki ne ke cin bashin shinkafa don ya ciyar da masu gaisuwa. A garin nan da aka kafa Izala a 1978, an daɗe ana kai ruwa rana a kan sadakar uku da bakwai da arba'in, kuma layinmu akwai 'yan kowane ɓangare. Amma ba mu taɓa jin ɗan Izala ko ɗan ɗariƙa ya ce haramun ne a riƙe wa mai makoki shagonsa ba. Inda aka yi ittifaƙi, nan ne aka fi sakaci.

Da ƙura ta lafa aka fara fitowa da kaya, dattijon bai fito ba. Sati ɗaya, sati biyu. Aka je gaishe shi, sai a tarar da shi zaune a zaure yana kallon bango. Sai muka karɓi makullin ma'ajiyar kayansa a hannun uwargidansa, muka raba kwanaki. Kowace safiya yaron wani daga cikinmu zai shimfiɗa kayan, mai teburin dama ko na hagu ya riƙa yin ciniki. Aka sayi sabon littafi mai layi, duk takalmin da ya fita a rubuta lamba da farashi da sunan wanda ya sayar, da yamma mutum biyu su ƙirga, ɗaya ya kai gida. Mun tsananta a kan rubutun nan da gangan. Amanar kuɗi tana ɓata zumunci ko da ba wanda ya ci kwabo, zato kawai ya isa. Akwai kuma jarrabawar da sai ɗan kasuwa ya san ta: mai saye ya tsaya tsakanin teburinka da na wanda kake riƙe wa, kaya iri ɗaya, kai ma da iyali a gida. Dokar da muka yi ita ce, duk wanda ya tambayi dattijon ko ɗansa, cinikin na dattijon ne, ko da a kan teburinka aka ɗauki takalmin.

Bashi shi ne ya fi ba mu tsoro. Lissafin duk a kan yaron yake, littafinsa kuma ya tafi tare da shi. Masu bin su suka san kansu, waɗanda ake bi kuwa wasu suka yi shiru. Muka yi sanarwa bayan sallar azahar kwana uku a jere, cewa duk wanda ya san marigayin na bin sa, ya kawo, ba za a faɗi sunansa ba. Wasu sun kawo, har da wata mata da ta zo da kuɗin takalmin makaranta guda biyu a ƙulle a bakin zane. Na Aba kuwa, ɗan Ibon nan ne ya kira mai kayan da yarensu, ya tsaya masa, aka ɗaga biyan zuwa bayan Sallah. Zubin adashensa muka karkasa a tsakaninmu har kwasarsa ta zo.

Kowa ya san yadda garin nan ya rabu tun rikicin 2001, ya ƙara rabuwa a 2008 da 2010, har ya zama akwai unguwannin da mutum ba ya shiga saboda sunansa. Duk da haka abokan sana'armu Kiristoci su biyar suka ce sai sun je gidan dattijon a Unguwar Rogo. Wasunsu rabonsu da unguwar tun kafin 2008. Muka tarye su a bakin titin Bauci muka shiga tare, muka fito tare. Maman nan mai kayan miya ta durƙusa a ƙofar zaure ta ce, "Baba, sannu da haƙuri. Ubangiji Ya ta'azantar da kai." A ranar ne muka fara ganin hawayensa. Da shekara ta zagayo mijinta ya rasu, muka cika mota muka tafi Gada Biyu da rana tsaka, dattijon na gidan gaba. An yi ƙananan maganganu a masallacin da muke jan salla. Amsar da muka bayar ita ce ba coci muka je ba, ba kuma gafara muka roƙa wa mamacin ba. Maƙwabciya muka je ba haƙuri, kuma haƙƙin maƙwabci bai tsaya kan musulmi kaɗai ba. Tumatir da attaruhunta kuwa ba sa jiran a gama makoki, matan layi ne suka sayar mata kafin su ruɓe.

Dattijon ya yi kusan wata biyu kafin ya dawo. Da ya dawo ma ba ciniki yake ba, zama kawai yake a kan benci, mai saye ya yi magana bai ji ba. Ba wanda ya ce masa ya daure ya manta. Muka ci gaba da sayar masa yana zaune, har ranar da muka ji shi da kansa yana musu da wata mata a kan ragin naira hamsin.

Abin da ya sa muka tono wannan yanzu, mun lura ta'aziyyar kasuwa ta koma cikin waya. A sa hoton mamaci a WhatsApp, kowa ya rubuta addu'a, a turo lambar asusu, a yi tiransifa, shi ke nan an fita haƙƙi. Kuɗin yana da amfani, ba mu raina ba. Amma a watannin nan mun ga tebur biyu a rufe sama da sati uku bayan rasuwa, ɗaya na matar da ke takaba ne, wata huɗu da kwana goma ke gabanta, kayanta na cikin buhu ruwan damina na taɓa su. A zaman 'yan layi mai zuwa za mu nemi a sa mutum biyu a kowane layi waɗanda aikinsu shi ne karɓar makulli da buɗe littafi tun ranar jana'iza. Wanda ke da wata shawarar ya same mu a masallaci bayan la'asar.